Yarona ya ci bak: jami'a zai tafi karatun kasuwanci, ko in zaunar da shi a shago?

Baban Halifa, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Babban ɗana ya ci bak bana, wato jarrabawar kammala sakandare, alhamdu lillahi. Ni sarin shinkafa, sukari, man girki da sabulu nake yi a babbar kasuwar Garwa. Yaron ya ce karatun tafiyar da kasuwanci yake so, jestiyo. Kawunnansa na Kano sun ce in turo shi can ya yi digiri na shekara 4, wai ya fi nauyi. Uwarsa tana son ya tsaya kusa. Ni kuwa a raina cewa nake, shagon nan dai shi zai riƙe wa ƙannensa, me zai hana ya zauna a gefena tun yanzu? Ƙarfina ya fara ja baya. Wanda ya san abin ya yi min bayani don Allah.

Alhaji Mai Albasa, Marwa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Alhaji, zaunar da shi. Kasuwa ba a allo ake koyonta ba. Marigayi Alhaji Abbo na Ngaundare wace jami'a ya shiga? Daga yaron mota ya fara, ya kai ga kamfanoni da gonaki da garken shanu da duk Kamaru ta san da su. Yaro ya yi shekara 3 yana tsaye bakin shago ya san abokin ciniki, ya san dillali, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Wannan ba malamin da zai koya masa.

Ɗan Dang: Baba, ku yi haƙuri in sa baki, ina shekara ta 3 a wannan fanni. Bari in fara da yadda tsarin yake don ku auna. A jami'o'in gwamnati lisansi, wato digiri na farko, shekara 3 ce, zango 6, daga nan masta shekara 2, sai dokta. Kuɗin rajista sefa 50,000 ne a shekara. Ba kuɗin makaranta ke cin iyaye ba, hayar ɗaki ce da abinci da bugun takardu da kuɗin mota. Jami'ar Ngaundare tun 1993 take, tana Dang, bayan gari kaɗan a hanyar Garwa. Ta Marwa an kafa ta a 2008, ta Garwa kuma a 2022. Shiga tsangayar tattalin arziki da jestiyo da takardar bak ne, amma manyan makarantun kasuwanci irin ESSEC ta Duwala sai an ci kwankur, wato jarrabawar gasar shiga.

Tambayata ɗaya, Baba: wane sashe ya yi bak ɗin? Domin shekarar farko lissafi ne zalla da ƙididdiga da ka'idojin tattalin arziki. Da yawa suna zuwa da tunanin za a koya musu saye da sayarwa, sai su ci karo da lissafin da suka gudu a sakandare.

Baban Halifa, Garwa: Sashen D ya yi, ɗana, na lissafi da kimiyyar halittu. Lissafi bai taɓa ba shi tsoro ba.

Ɗan Dang: To wannan ƙofar a buɗe take, Baba.

Mai Lisansi A Kan Babur: Ni kam ina bayan Alhaji Mai Albasa, kuma ba da daɗin rai ba. Na yi lisansin nan, na gama, ga takarda a cikin akwati. Na kai takardun neman aiki bankuna da kamfanoni, kowa sai ya tambaye ni ina na taɓa aiki. Na yi jarrabawar shiga aikin gwamnati, dubban mutane a kan gurabe kaɗan. Yanzu babur nake ja in ciyar da mahaifiyata. A ajinmu mun yi yawan da na baya ba ya jin abin da malami ke faɗa. Na haddace darasi, na zuba a jarrabawa, na ci. Ranar da wani mai shago ya miƙo min littafinsa ya ce in fitar masa da ribarsa ta wata, zufa ce ta karyo min. Wanda ubansa ke da shago ya gode wa Allah ya zauna a ciki.

Maman Biyu, Ngaundare: Ƙanena, Allah ya buɗa maka, abin da ka faɗa gaskiya ne kuma yana da ciwo. Amma ka lura da inda matsalarka take: ka yi karatu ba shago. Ɗan Alhaji yana da shago, karatun ne ba shi da shi. Ba hali ɗaya kuke ciki ba.

Ni aikina ke nan, ina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi a wani ofishin akanta. Baban Halifa, zan yi maka tambayoyi, kada ka amsa a nan, ka amsa wa kanka. Kuɗin cefanen gida, daga aljihunka yake fita ko daga akwatin shago? Bashin da kake bin mutane, jimillarsa nawa ce yau, kuma nawa ne a ciki ya wuce wata 3? In ka kwanta jinya wata 2, akwai wanda zai iya buɗe littafi ya san abin da kake bi da abin da ake binka?

Abin da na fi gani da idona shi ne wannan: maigida ya rasu, dukiya tana nan amma lissafinta yana cikin kansa, an binne shi da shi. Masu binsa bashi sun zo da takarda, waɗanda yake bi sun yi shiru. Kafin a raba gado shago ya zama fanko. Na zauna da wata gwauruwa da 'ya'yanta muna juya wani tsohon littafi na makaranta, shafi ya cika da laƙabi da lambobi, ba kwanan wata, ba a san wanda ya biya da wanda bai biya ba. Wani wurin an ja layi, wani wurin an sa ɗigo, mai ma'anar ɗigon ya tafi. Mutumin nan gwanin kasuwa ne, ba wanda ya taɓa cutarsa yana raye.

Alhaji Mai Albasa, Marwa: Hajiya, rubuta bashi ai ba sai da digiri ba. Ɗan firamare ma ya iya.

Maman Biyu, Ngaundare: Haka ne Alhaji, da a ce rubutu ne kawai. Bari in ba ka misali daga sana'arka. A ce kana da babbar mota tana kai albasa Duwala. Duk tafiya ana cire mai, da direba, da yaran mota, da abin hanya, saura ka kira shi riba ka ci. Motar kuwa kullum tsufa take. In ka saye ta miliyan 20, kuma shekara 5 za ta yi maka aiki, to miliyan 4 na kowace shekara ba naka ba ne, na motar da za ta gaje ta ne. Wanda bai ware shi ba, ranar da injin ya buga sai ya ce karayar arziki ce ta same shi, alhali motar ya daɗe yana ci a tuwo.

Ga na biyu, na Baban Halifa. Kaya biyu, kowanne ka saro katan a sefa 10,000. Na farko kana cin 1,000 a kai, amma da bashi ake ɗauka, sai bayan wata 2 kuɗin ke dawowa. Na biyu 300 kacal kake ci, amma hannu da hannu, kuma duk mako yana ƙarewa. A wata 2 na farko ya ba ka 1,000, na biyu ya juya sau 8 ya ba ka 2,400, ba fargabar a gudu da kuɗinka. 'Yan kasuwa da yawa sun san wannan a jikinsu. Amma in kaya sun kai iri 200 a shago, jiki ba ya iya riƙe su, sai an zauna an auna kowanne, a san wanda ke ciyar da shagon da wanda ke kwance a kan jari. Karatun yana koyar da wannan awon.

Alhaji Mai Albasa, Marwa: Maganar mota ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ina kan bakana game da sanin mutane.

Kawu Na Yola: Ni a Najeriya na yi nawa, don haka bari in yi magana a kan shawarar kawunnan Kano. Digirin can shekara 4 ne, da Turanci, ana shiga ta jarrabawar JAMB, kuma suna neman sakamako mai kyau a Turanci da lissafi. A ƙarshe ana ba da digiri hawa-hawa: daraja ta ɗaya, ta biyu babba, ta biyu ƙarama, ta uku, kuma masu ɗaukar aiki suna duba wannan sosai. A shekarar ƙarshe ɗalibi yana rubuta kundin bincike. Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya, Modibbo Adama a nan Yola, duka suna da fannin. Ribar da na ci ita ce Turanci da jama'a. Abokan ajina yanzu su ne nake kira in ina neman kaya a Kano ko Legas. Amma a sa yajin aikin malamai a lissafi, na 2022 kaɗai wata 8 ya ci.

Maman Biyu, Ngaundare: Kawu, akwai abin da ya fi yajin aiki muhimmanci, kuma iyaye ba su cika saninsa ba. Dokar kasuwanci da tsarin lissafin da ake koyarwa a Najeriya ba su ne ke aiki a nan ba. Kamaru da Cadi da Nijar suna cikin OHADA, ƙasashe 17 da suka haɗa dokokinsu na kasuwanci, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993. Sakatariyarta ma a Yaunde take. Najeriya ba ta ciki. Lissafin kamfani a nan da tsarin SYSCOHADA ake yinsa, sabon fasalinsa ya fara aiki a Janairun 2018, kowane asusu da lambarsa. Rajistar kasuwanci, lambar mai biyan haraji, takardar lissafin ƙarshen shekara da ake kai wa ofishin haraji, rajistar ma'aikata a CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, duka da nasu ka'idoji, kuma a nan arewa da Faransanci za ka yi mu'amala da ofisoshin. Yaron da ya dawo daga Kano sai ya sake zama ya koyi waɗannan. Sannan in aikin gwamnati yake so, sai ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yaunde ta tantance takardarsa tukuna.

Ba ina kushe digirin Najeriya ba ne. In a Kano zai zauna ya yi kasuwanci, can ya dace da shi. In shagon Garwa zai riƙe, ya karanci dokar da za ta hau kan shagon.

Kawu Na Yola: Ban musa ba, Hajiya. Sai dai kada a manta da yawa daga kayan kasuwannin arewacin Kamaru ta iyakar nan suke shigowa. Wanda ya san ɓangaren biyu ya fi ƙarfi.

Ɗan Dang: Wanda ke son digiri da Turanci ba lallai ya bar ƙasa ba. Jami'ar Buya da ta Bamenda tsarin Ingilishi suke bi. Matsalar dai halin tsaron da yankunan biyu suke ciki tun 2016, ba kowane uba zai saki ɗansa ba.

Abban Njamena: Gaisuwa daga wannan ƙetaren. Mu a Cadi yaranmu da yawa Ngaundare da Marwa suke tafiya karatu, ko da yake muna da Jami'ar Njamena tun 1971. Kuma dalilin da Hajiya ta faɗa ne ya sa ba a asara: dokar kasuwanci ɗaya, kuɗi ɗaya, babban banki ɗaya. Ni aikin fito da kaya nake yi a gadar Ngeli. Kwantena ta taso daga tashar Duwala, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ko ta biyo titi, ta ratsa Garwa da Marwa zuwa Kusiri. Kowace kwana da ta ƙara a hanya kuɗi ne. Yaran da na fi jin daɗin aiki da su su ne masu iya zama da kwamfuta su fitar min da ainihin kuɗin da buhu ɗaya ya ci kafin ya sauka a sito. Waɗanda ba su iya ba, ko takardarsu ta kai tsawon tabarma, ba na riƙe su.

Ina ƙara wa Kawu ƙarfi a abu ɗaya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi. Naira kuwa yawo take. Da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi warwas, duk wanda ya ba da kaya bashi da naira ya karɓi kuɗin da bai kai na jiya ba. Kafin nan an rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Cire tallafin mai a 2023 kuma kowa ya ga yadda ya taɓa masu sayar da zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigo da shi daga Najeriya, a bakin titi. Yaron da ya fahimci dalilin waɗannan abubuwa zai gaya wa ubansa da wane kuɗi za a yi ciniki, da lokacin da ba a ba da bashi.

Malam Na Unguwar Hausawa: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun farko. Abu biyu. Rubuta bashi da Hajiya take ta nanatawa umarni ne na Alƙur'ani kafin ya zama darasin jami'a. Aya mafi tsawo, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka: a rubuta, a sa wa'adi, a kafa shaidu. Zakkar kayan kasuwa ma, ɗaya cikin 40, ba ta fita daidai sai an san ƙimar kayan da ke sito da bashin da ake sa ran biya. Don haka ban ga saɓani tsakanin wannan ilimi da tarbiyyarmu ba.

Na biyu shi ne damuwata. Ana koya musu lissafin kuɗin ruwa. Ina tsoron yaro ya dawo ya ja uban zuwa bashin banki.

Ɗan Dang: Allah ya gafarta Malam, ana koyarwa, gaskiya ne, darasi ne guda. Amma ni abin da ya yi min shi ne ya sa na ga yadda bashin yake ninkuwa da lambobi, na ƙara gudunsa. Kuma wanda zai duba kwangilar da aka miƙo wa mahaifinsa dole ya iya karanta abin da ke ciki. Yanzu ma wasu bankunan ƙasar nan sun buɗe sashen hada-hadar Musulunci, suna buƙatar waɗanda suka san ɓangaren biyu.

Malam Na Unguwar Hausawa: To madalla. A haɗa masa da karatun babin ciniki a fiƙihu lokacin hutu. Ƙiradi, wato ba da jari a raba riba, da sharika, wato haɗin gwiwa, malamanmu sun yi bayaninsu tun da daɗewa.

'Yar Kusiri: Don Allah ku ba ni dama, tambayata ta ɗan bambanta. Ni ma na ci bak, amma Babanmu ba zai iya riƙe ni shekara 3 a wani gari ba. An ce min in yi BTS, takardar ƙwarewa a sana'a, a makaranta mai zaman kanta. Yaya kuke gani, Anti?

Maman Biyu, Ngaundare: Ƙanwata, hanya ce mai kyau. BTS shekara 2 ce, jarrabawar ƙasa ce, kuma ta fi kusa da aikin hannu. In hali ya samu ki ƙara shekara 1 ki yi lisansin sana'a. Abu ɗaya: kafin Baba ya biya ko dala, ku nemi ganin takardar izinin makarantar daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma ku tabbatar izinin ya haɗa da fannin da za ki yi. Na san yarinyar da ta yi shekara 2 a wata makaranta, lokacin jarrabawa aka ce sunanta ba ya cikin jerin. Ki tura min saƙo ta gefe.

Mai Lisansi A Kan Babur: Na karanta duk abin da aka rubuta. Abin da zan ƙara, a matsayin wanda ya bi hanyar: in za a tura shi, kada a bar shi da abin da ake faɗa a aji kaɗai. Ya koyi Excel da kyau, ya taɓa manhajar lissafi irin Sage, ya nemi sitaj, wato koyon aiki a wani ofis, tun shekarar farko ko ba a biya. Kuma ya kula da makinsa, don da shi ake tace masu shiga masta. Mu ba wanda ya gaya mana.

Abban Njamena: Ɗana, ka iya Excel ɗin yanzu?

Mai Lisansi A Kan Babur: Ina koyo da dare, Abba, a wayata da kwamfutar wani aboki.

Abban Njamena: Akwai wani abokin aikina a Garwa da ke neman mai riƙe masa lissafin sito. Ban yi maka alkawari ba, amma turo min lambarka ta gefe.

Alhaji Mai Albasa, Marwa: Baban Halifa, ga inda na tsaya. In dai za ka tura shi, kada ya yi nisa, kuma kada ya saba da zaman ofis. Na ga yaran da suka dawo suna jin kunyar ɗaga buhu, suna gyara wa iyayensu magana a gaban baƙi. Abokin cinikin da ya yi shekara 20 da kai, yaro ya zo ya ce sai ya sa hannu a takarda kafin a ba shi kaya, ka rasa shi ke nan.

Maman Biyu, Ngaundare: Wannan gargaɗin na Alhaji a riƙe shi da kyau. Amma iyaye ma da nasu. Yaro ya gama karatu, ya ce Baba a raba kuɗin gida da na shago, a yanka maka albashi, sai uba ya ji kamar an raina shi. In ba za a bar shi ya taɓa littafi ba, tura shi jami'a ɓarnar kuɗi ce. Shawarata, Baban Halifa: ya yi rajista a nan gida, Garwa in fannin da yake so yana nan, in babu, Ngaundare. Tun daga wannan hutun ka ba shi aiki ɗaya tak, ƙirgar kayan sito da jera masu bashi da kwanan wata. Kada ka ba shi akwatin kuɗi tukuna. Kuma tun kana da lafiya ka yi tunanin mayar da shagon kamfani mai rajista. Tun dokar Disamban 2016 jarin farko na ƙaramin kamfani, SARL, ya sauko zuwa sefa 100,000. Da kamfani, kowane magaji kasonsa yake gada, ba sai an farfasa shagon ba.

Baban Halifa, Garwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambayoyin Hajiya uku, ɗaya kawai na iya amsawa. Na kira yaron na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Kano dai mun ajiye ta, sai in masta ta zo a sake dubawa, don maganar Kawu ma tana da hujja. Gobe da asuba zai fara ƙirgar sito tare da babban yaron shagona. Maganar albashi da kamfani kuwa, Hajiya, ki ba ni lokaci, sai na zauna da ƙanena don jarinsa na ciki.

Ɗan Dang, waɗanne takardu ake haɗawa wajen rajista?

Ɗan Dang: Takardar haihuwa, sakamakon bak da na probatuwar, jarrabawar da ake yi shekara ɗaya kafin bak, katin ɗan ƙasa da hotuna, Baba. Ku fara kai kwafinsu a buga musu hatimi tun yanzu kafin layi ya yi tsawo. Da zarar an fitar da sanarwar bana zan sa ta a nan.

'Yar Kusiri: Yaya, in ka samu jerin makarantun BTS masu izini a Marwa, ka haɗa da shi don Allah.